Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

Ɗalibai ne suka laƙaba mata suna Ƙanƙara tun shekararta ta farko a makarantar, sunan kuma ya bi ta har malamai suka ɗauka. Lissafi take koyarwa. Doguwa ce siririya, ba ta ɗaga murya, ba ta dariya a aji. In ta shigo ta juyo ta dubi yara, ko fensir ya faɗi a layin baya sai an ji. A ɗakin malamai kujerarta na can lungu kusa da taga, nan take shan shayi tana duba aikin yara, ana ta hira a gefenta kamar ba ta wurin.

Tebur ɗaya aka ba su ita da malamin tarihi, wanda kowa ke kira Rediyo. Tun daga bakin ƙofar makaranta ake jiyo muryarsa, yana tsokanar maigadi, yana kwaikwayon tafiyar malamin turanci. Ajinsa kullum dariya, har maƙwabtan aji kan aiko a ce a rage. Yakan ce an haɗa shi tebur da Malama ne don shayinsa ya riƙa saurin hucewa. Ita ba ta taɓa tanka masa ba, amma ba ta taɓa jin haushinsa ba.

Ranar wata Litinin Shugaban makaranta ya aika a kira ta. Dattijo ne mai kirki, irin mutanen nan da ke yi wa mutum alheri ba tare da sun tambaye shi ba.

"Zauna, Malama, yau da labari mai daɗi na kira ki," ya ce. "Hedikwata suna neman mutum ɗaya daga wurinmu a sashen shirya jarrabawa. Ofis ne, ke da teburinki da fanka. Ba yara, ba hayaniya, ba ƙurar alli. Na ce musu ina da wadda ta dace. Darakta za ta zo ranar Alhamis ta gan ki da idonta."

"Yallaɓai, wani laifi na yi?"

Ya yi dariya har da buga tebur. "Laifi kuma? Tausayinki nake ji. Shekara da shekaru ina wucewa ta tagar ajinki, fuskar nan a ɗaure kamar an aiko miki da mugun labari. Ke ba 'yar aji ba ce, Malama. Allah ya kawo miki hutu."

Ta buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Haka take tun tana yarinya: amsa ba ta zuwa mata sai ta bar wurin. Sai da ta sauko matakala ta tsaya a baranda sannan kalmomin suka zo reras, ba wanda za ta faɗa wa.

Abin da Shugaba bai sani ba shi ne, babu inda take jin ta cika mutum kamar gaban allo. In ta ɗaure fuska, kallo take yi. Tana bin fuskokin yara ɗaya bayan ɗaya tana jiran lokacin nan da goshin yaro ke warwarewa, idonsa ya buɗe, ya kai hannu ga biro tun kafin ta gama magana. Don wannan take tashi da safe. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambaya.

A gida ta tarar da yayarta a kan keken ɗinki, da allurai a baki. Tun rasuwar mijin Yaya suke zaune tare, su da 'ya'yanta. Da ta ji labari sai ta tofar da alluran a tafin hannu ta miƙe.

"Alhamdu lillahi. Allah ya raba ki da alli. Kullum ki dawo da hannu fari fat kamar mai aikin gini."

"Yaya, ba na so."

"Ba kya son me? Fankar?"

"Ba na son barin aji."

Yaya ta dube ta sama da ƙasa. "Ke dai tun kina goye ba a gane inda kika dosa. To kin faɗa masa?"

"A'a."

"Shi ne ni kike faɗa wa? Ni ce shugaban makarantar?" Ta koma ta zauna ta taka keke. "Wasu na can suna addu'ar irin wannan kujera, ke an kawo miki har gida kina ɓata rai."

Washegari ta je ƙofar Shugaba ta same shi yana waya, ya ɗaga mata hannu alamar an jima. Ranar Laraba ta koma, tana sallama ya tare ta: "Kada ki gode min, Malama, haƙƙinki ne." Ya kama jakarsa ya fita taro. A ɗakin malamai kuwa labari ya riga ya bazu, kowa na yi mata murna. Rediyo ya miƙe ya yi jawabi, ya ce daga yanzu duk wanda ya faɗi jarrabawa ya san hannun da ya kashe shi. Aka yi ta dariya. Amma da ɗakin ya watse, ya rage su biyu, sai ya matso da kujera ya rage murya.

"Malama, da gaske ba yara a can? Ko ɗaya?"

"Haka aka ce."

"Mutum ya zauna shi kaɗai har a tashi?"

Ta ɗago ta dube shi. Ya yi maza ya yi dariya ya ce ai shi da kwana biyu zai yi a can bango ma sai ya koyi magana.

Ranar Alhamis motar Darakta ta iso tun ana taron safe. Mace ce mai shekaru, gajera, da tabarau a rataye a wuya, ba ta da yawan magana. Shugaba ya sanar cewa bayan hutun tara za ta zaga azuzuwa, daga nan ta gana da Malamar lissafi. Ƙanƙara ta ture shayinta gefe. Ba ta da darasi bayan hutun, ta kasa zama, sai ta tafi sito ɗauko babban rula na allo don dai ta sami abin yi.

Siton ƙaramin ɗaki ne a bayan ɗakin gwaje-gwaje, cike da karyayyun kujeru da kwalayen tsofaffin littattafai. Tana tura ƙofa ta ga mutum zaune a ƙasa, ya jingina da kwali, ya ɓalle maɓallin wuya, gumi ya jiƙa masa riga. Sai da ta ƙara dubawa ta gane Rediyo ne. Hannuwansa na rawa a kan gwiwa kamar mai zazzaɓi.

"Rufe ƙofar, don Allah," ya ce.

Ta jawo ta rabi ta tsaya a bakin. "Me ya same ka? In kira a kai ka asibiti?"

"Kada ki kira kowa." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ina da aji uku yanzu. Na taso zan tafi, ƙafafuna suka ƙi."

Can ƙarshen baranda hayaniyar aji uku ta fara tashi, ana buga tebura.

"Yau ya fara?"

Ya girgiza kai. "Ya fi shekara biyu. Kullum da safe sai na yi amai kafin in fito. Matata ta ɗauka gyambon ciki ne. Malama, in na tsaya a gabansu suka zuba min ido, ji nake kamar ana shaƙe ni. Shi ya sa nake ba su dariya. In suna dariya ba sa kallona. Yau da na ji za a shigo a zauna a baya ana dubana..." Ya kasa ƙarasawa.

Ta tsaya tana kallon mutumin da ta yi shekaru tana zama a gefensa. Ba ta san abin da ake faɗa wa mutum a irin wannan hali ba.

"Na roƙe ki, kada ki faɗa wa kowa. In aka ji, an gama da ni. Ina da yara huɗu."

Daga ɗaya ɓangaren barandar ta jiyo muryar Shugaba yana yi wa baƙuwa bayani, da ƙarar kujeru a aji ɗaya, yara sun miƙe gaisuwa. Azuzuwa kaɗan ne tsakaninsu da aji uku.

"Me kake koya musu yau?"

"Tsofaffin dauloli. Malama, ke ba ki san tarihi ba."

"Ban ce na sani ba. Zauna nan har numfashinka ya dawo."

Ta ɗauki rular ta fita. Ba ta yi gudu ba, don kada a lura.

Ta tarar da aji uku a hargitse, wani yaro a kan tebur yana kwaikwayon Shugaba. Suna ganinta ɗakin ya yi tsit, yaron ya sauko a hankali kamar mai saukowa daga bishiya. Ta dubi allo. Akwai ragowar darasin jiya da rubutun Rediyo, sunan wata daula da shekarar kafa ta da shekarar rushewarta, irin shekarun nan na zamanin da, da ake ƙirgawa da baya.

"Wa zai faɗa min me ya sa shekarar da daular nan ta rushe ta fi shekarar da aka kafa ta ƙanƙanta?"

Wani ya ce ƙila Malam ne ya yi kuskure.

Ta ɗora rula ta ja dogon layi daga wannan gefen allo zuwa wancan, ta sa sifili a tsakiya. Ta kira yara biyu ta tsayar da su a hagun sifilin, ɗaya nesa, ɗaya kusa, ta ce na nesan ya tako zuwa wajen ɗan'uwansa yana faɗin shekarar da yake a kowane taku. Yana takowa lambar na raguwa. A layin baya akwai wata yarinya da ta sani tun aji ɗaya, wadda lambobin ƙasa da sifili suka hana ta sakat har ta daina ɗaga hannu. Ƙanƙara ta ga yarinyar ta cire tagumi, ta miƙe zaune.

"Malama, ashe irin lissafin nan ne na ɗebewa? Na hagun sifili?"

"Zo ki nuna mana."

Yarinyar na riƙe da alli ƙofa ta yi duhu. Yara suka miƙe. Shugaba ne da Darakta. Murmushin da ya shigo da shi ya tsaya a rabi.

"Malama? Ai wannan lokacin tarihi ne. Ina malamin ajin?"

"Ni na karɓi ajin, Yallaɓai."

"Na gani. Ina yake?"

Yara arba'in da wani abu suna kallonta, Darakta ta ɗora tabarau a hanci.

"Bai ji daɗi ba."

"Shi? Mutumin da ya cika mana kunne a taron safe?" Ya juya kamar zai fita nemansa. Siton na nan a kan hanyar komawa ofis, ƙofarsa a buɗe rabi.

"Bar shi tukuna," Darakta ta ce. "Tunda ga wadda na zo gani a gaban allo, bari in gan ta." Ta wuce baya ta zauna kusa da wani yaro, dole Shugaba ya bi ta ya tsaya jikin bango yana duba agogo.

Ƙanƙara ta juya ga yarinyar. Da yarinyar ta fara rubutu sai ta manta da waɗanda ke baya. Yarinyar ta ɗebe ƙaramar lambar daga babbar ta sami shekarun da daular ta yi. Wani ya yi gardama, ta bar su suka yi ta ja har suka daidaita da kansu. Ƙararrawa ce ta tuna mata akwai baƙi.

A hanyar ofis suka wuce siton. An ja ƙofar an rufe. Ba ta kalli wajen ba.

Darakta ta ƙi kujerar Shugaba, ta zauna a ta baƙi, ta nuna wa Ƙanƙara ɗayar.

"An ce min kin gaji da aji."

"Ai ranki ya daɗe, kin dai ga fuskarta," Shugaba ya ce. "Ba ta da ƙorafi ne kawai, amma ni na san..."

"Ita na tambaya."

Fankar ofishin na juyawa tana ƙara. Ƙanƙara ta ji abin nan ya taso mata, ta san in ta bari ta fita daga ɗakin nan an gama. Ta kama gefen kujera.

"Ban gaji ba."

"Ɗaga murya."

"Ban gaji ba, ranki ya daɗe. Fuskata ce haka. Haka ta mahaifinmu take, ko ranar da aka miƙa masa jikansa na fari haka ya karɓe shi, alhali ya fi kowa murna." Ta haɗiye yawu. "Yarinyar nan da ta fito allo, shekara biyu ina neman hanyar da zan bi da ita. Yau ta gane. In aka kai ni ofis zan yi aikin, ba zan ɓata muku ba. Amma ba na so."

Shugaba ya zauna a hankali. "Malama, me ya hana ki faɗa min?"

"Na zo, Yallaɓai. Ban iya ba ne."

Darakta ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "To. Na zo da kujera, ga mai ita ta ce ba ta so. Akwai wani?"

"Gaskiya babu," Shugaba ya ce, muryarsa ta yi sanyi. "Sauran duk suna jin daɗin aikinsu. Kamar malamin tarihin nan, shi ko dare aka ce ya koyar zai zo da fitila."

Ƙanƙara ta sunkuyar da kai. Rediyo ya roƙe ta, kuma ba ta saba tona asirin mutum ba. Amma ta ga hannuwan nan na rawa, ta kuma san gobe da safe zai sake amai ya ɗaura murmushi ya fito.

"Da an tambaye su ɗaya-ɗaya, ranki ya daɗe," ta ce. "Ni ma ba a tambaye ni ba."

Shugaba ya dube ta, kallon da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Darakta ta daɗe tana nazarinta, sannan ta ce, "Kira min wanda bai ji daɗin ba."

Ta same shi a bakin famfo ya wanke fuska, ya gyara maɓalli. Yana jin saƙon ya ja da baya.

"Kin faɗa."

"Ban faɗa ba. Na ce ba ka ji daɗi ba, shi ke nan. Na kuma ce ba na son kujerar."

"To me take nema da ni?"

"Za ta tambaye ka. In ka ga dama ka faɗa, in ka ga dama ka ba ta dariya."

"In suka kore ni fa?"

"Ban sani ba, Malam. Ba zan ce maka ba za su yi ba."

Ya tsaya yana kallon ruwan da ke ɗiga. Sannan ya wuce ta ya nufi ofishin.

Ta tsaya a baranda nesa kaɗan da ƙofar ofishin. Da farko ta jiyo muryarsa sama-sama yadda aka saba, da dariyar Shugaba. Dariyar ta zo sau biyu, ta uku ba ta zo ba. Shiru ya biyo baya, mai tsawo, har ta fara tunanin ko ta tura mutum cikin rami ne. Can sai ta ji wata murya ƙasa-ƙasa tana magana tana tsayawa, ba ta yi kama da tasa ba. Aka kaɗa ƙararrawa, tana da aji biyu, ta tafi ƙofar na rufe.

Rediyo bai sami kujerar ba. Darakta ta ce masa ba ta ɗaukar mutum yana cikin gudu, ya fara ganin likita tukuna. Kujerar shirya jarrabawa ta tafi wata makaranta. Amma ba a kore shi ba. An rage masa azuzuwa, aka ba shi kula da ɗakin karatu, aka ce wa malamai likita ne ya hana shi yawan tsayuwa.

Ita kuwa ta sha nata. Shugaba ya yi makonni ba ya haɗa ta da komai sai gaisuwa, don a ganinsa ta kunyata shi a gaban babba. Yaya ta yi kwana biyu tana yi mata magana ta bakin yara, "Ku ce wa gwaggonku abinci na nan." Rediyo ma ya daina zama a teburin, in sun haɗu a baranda ya ɗaga hannu ya wuce. Ta ɗauka shi ke nan, ta yi asarar mutum ɗaya da ke kula ta a ɗakin.

Ƙarshen zango aka mayar da Rediyo sashen adana littattafai na hedikwata. Ranar da zai tafi ta shigo ta tarar yana kwashe taswirorinsa daga ƙarƙashin tebur, ya ɗan yi ƙiba.

"Na faɗa wa matata," ya ce, bai ɗago ba. "Ta yi kuka, sannan ta yi min faɗa har maƙwabta suka leƙo."

"Ta yi daidai."

"Na ji haushinki sosai, Malama."

"Na sani."

Ya naɗe taswira ta ƙarshe ya ɗaure da zare. Sai ya dube ta sosai. "Tsakani da Allah, kina jin daɗin wannan abin? Yaran, da hayaniyar, da idanun nan?"

"Sosai."

Ya girgiza kai. "Allah ya ba ki lafiya."

Ta kama masa taswirori biyu suka fita tare har inda ya ajiye babur, ta riƙe masa yana ɗaurewa a baya. Maigadi ya taso yana cewa yanzu wa zai riƙa tsokanarsa, Rediyo ya ce ya bar wa Malama wannan aikin, ya tayar da babur ya fita. Ta karkaɗe hannuwanta ta koma ciki, don aji uku sun roƙi ta ƙara musu darasi kafin hutu, suna can suna jira.